Wanzamin Gidan Kuɓewa

Dalilin da ya sa da wuya ku tsinko ganyen kuɓewa ku same shi ba huji, shi za ku ji yanzu, in kun bar tsokanar juna kun ba ni kunne. Kun dai san ƙwaron nan ɗan mitsitsi da bai kai ƙwayar dawa ba, wani ja-ja, wani baƙi mai sheƙi, wanda yake zama a kan ganyen kuɓewa da rama da yakuwa yana mayar da su kamar rariya. Ka kai masa yatsa ya yi tsalle kamar ƙuma, ka neme shi ka rasa. Ga gero nan kusa, ga dawa, ga tafasa ta cika ko'ina, ko kallonsu ba ya yi. To ba haka ya faro ba. Da can ba ya cin ganye, ba ya tsalle. Sana'a gare shi.

Wanzami ne, sunansa Jatau. Kullum yana rataye da zabira, yana tafiya a hankali kamar mai tsoron kada ƙasa ta ji ciwo. Shi ke yi wa tururuwa aski, shi ke yi wa kwaɗo ƙaho in jini ya dame shi, shi ke cire wa 'ya'yan gyare beli. Abin da aka ba shi a gidan suna shi yake ci. In ba a haihu ba, ya kwana da yunwa yana zagin gari.

A wannan zamanin akwai wata tsohuwar Kuɓewa a gefen gonar wata dattijuwa da ake kira Inna Tasalla. Kusa da rijiya ta tsiro, shi ya sa ta ƙetare rani, don ruwan da ke zuba daga guga yana gangarowa gindinta. Amma ta tsufa. Karanta ya bushe ya yi fari, ganyenta ya zube saura 'yan ƙalilan, ta kuma san ba za ta sake yin fure ba. 'Ya'yan da ta yi na ƙarshe su ne Inna Tasalla ta ɓare, ta shuka a tsakanin kunyoyin gero da aka yi ruwan shuka. Ba wani iri da ya saura, ko a tulu ko a ƙullin zane. Waɗannan 'yan tsirran da suka fito da ganye bibbiyu, su ne kaɗai abin da ya rage na gidan Kuɓewa.

Kuma fartanya na tafe. Inna Tasalla baya ya hana ta sunkuyo, don haka gayya take kira duk shekara, samarin gari su taru da mai ganga su nome mata gona kafin rana ta take. Bara ma haka aka yi. Kuɓewa tana tsaye tana kallo samarin nan suka jeru, ganga tana kora su, suka share gonar tas, ciyawa da 'ya'yanta gaba ɗaya. Ko ɗaya bai tsira ba.

Ran nan sai ga shugaban samarin, wani dogo da ake ce wa Bawale, ya biyo ta bakin rijiya don su tsayar da rana da Inna Tasalla. Kuɓewa ta kasa kunne.

Inna Tasalla ta ce, “Bawale, bana in kuka sare mini kuɓewa, wallahi kununa sai ya tsaya muku a wuya.”

Bawale ya yi dariya, ya tsuguna ya nuna tsiro biyu da yatsa. Ya ce, “Inna, don Allah duba. Wannan ganye biyu zagaye, wannan ma ganye biyu zagaye. Wanne ne ɗan kuɓewa, wanne ne ɗan tafasa? Ke kin sani, don kin tsufa a cikinsu. Mu ganga na bayanmu, 'yan mata na kallo, wa zai tsaya yana tambayar tsiro ɗan gidan wa ne?”

“Ja'iri, idanunka na ado ne?”

“Na kallon gaba ne, Inna. Jibi da hantsi muna nan.”

Da ya tafi, Inna Tasalla ta zauna a bakin rijiya tana ta faɗa ita kaɗai, tana shafa kumatunta. Tsaga ce jere a kuncinta, irin ta gidansu. Ta ce, “Ni da na ɓata a kasuwa ina yarinya, wannan zanen ne ya mai da ni gida. Wani mahauci ya kalle ni ya ce, ai wannan 'yar gidan su wane ce. Su kuwa tsirrai, Allah bai ba su kumatu ba.” Ta ɗauki gugarta ta wuce.

Maganar nan ta zauna wa Kuɓewa a rai. Ta kira 'yan uwanta biyu, Rama da Yakuwa, waɗanda su ma suka ƙetare rani a jikin danga, su ma 'ya'yansu na cikin kunyoyin nan. Ta ce, “Tsaga za a yi wa yara.”

Rama, wadda tsawo ya sa take magana kamar daga kan soro, ta ce, “Yaya, a tsaga mana ganye? Mu da kowa ke yaba santsin jikinmu? Su dai yi sauri su girma, su wuce ciyawa.”

Kuɓewa ta ce, “Kafin jibi za su girma? Ke a kwana nawa kika yi wannan tsawon naki na banza?”

Yakuwa ta ce, “Ni dai in wanzamin da kike nufi Jatau ne, na san shi. Ya taɓa yi wa fara aski ya haɗa da gira.”

“Kina da wani?”

Ba ta da wani. Aka aika kiyashi ya kira Jatau.

Ya zo yana jan ƙafa, ya ajiye zabira a gindin Kuɓewa, ya yi gaisuwa mai tsawo irin ta wanda ya san ana bukatarsa. Kuɓewa ta daure ta ce, “Sannu da zuwa, Sarkin Aska.” Ba a taɓa kiransa haka ba, nan take ya gyara zama. Ta faɗa masa abin da take so: a yi wa kowane ɗan tsiro na gidansu alama a ganye, huji ƙanana, yadda ko makaho ya shafa zai san ba ciyawa ba ce.

Jatau ya ce, “Aiki ne, Gwaggo, aiki ne babba. Ga su da yawa, ga fata ba ƙwari. To ina kason wanzami? Ni ba a sallama ta da Allah ya yi albarka. A gidan suna nama ake ba ni, da tsaba.”

Kuɓewa ta dubi kanta, busasshen kara da ganye ba yawa. Ta ce, “Ba ni da rago, ba ni da rumbu. Abin da askarka ta cire, naka ne.”

“Ganye? Ni akuya ce?”

“Ɗanɗana ka ji, in bai yi maka ba ka ɗauki zabirarka.”

Yunwa ce a cikinsa, don an daɗe ba a yi suna ba. Ya hau kan ganyenta ɗaya, ya sa aska ya ƙwaƙulo ɗan zagaye, ya jefa a baki yana yatsina. Sai yatsinar ta tsaya. Yauƙin nan ya bi masa maƙogwaro sumul, ya lumshe ido. Da ya buɗe sai ya ɓata rai, don kada a gane, ya ce, “Ba laifi. Amma ni ba na aikin rana ɗaya. In zan yi, wanzamin gida za ku ɗauke ni, ni da 'ya'yana da jikokina, ku da duk danginku har Auduga ta can tudu. Kuma a ba iyalina masauki a ƙasa, a gindinku, inda danshi yake.”

Yakuwa ta ce, “Kun ji ko? Bai fara aiki ba ya nemi ɗaki.”

Kuɓewa ta ce, “An ba ka. Ni ma ga nawa sharaɗin. Askarka ba za ta taɓa ɗan kowa ba sai na gidan nan. In ka yi wa ɗan ciyawa ko huji ɗaya, alama ta zama banza, an gama da mu.”

Jatau ya dafa ƙirji ya rantse. Ya saɓi zabira ya shiga kunya.

Ranar farko ya yi aiki kamar mutumin kirki. Ya hau tsiro, ya yi huji ɗaya nan ɗaya can, ya sauka ya wuce na gaba. Kuɓewa daga inda take tana ganin rana na ratsa hujin, tana zuba ɗige-ɗige a ƙasa, hankalinta ya fara kwanciya. Sai ga Tafasa, wadda 'ya'yanta suka fi na kowa yawa a gonar, ta yafito shi. Kuɓewa ta ga ya karkata wajenta.

Tafasa ta ce, “Wanzam, ashe ana raba arziki ba a kira maƙwabta? Zo ka yi wa nawa yaran su ma. Gidan Kuɓewa nawa suke? Mu dubi yawanmu. Ka ci ka ƙoshi har damina ta fita.”

Kuɓewa ta ɗaga murya, “Jatau! Rantsuwarka!” Amma muryar busasshen kara ina za ta kai? Tana kallo ya waiga hagu ya waiga dama, ya hau kan ɗan tafasa, ya sa bakin aska ya lakato gefen ganye ya kai baki. Sai ya tofar. Ya sake tofarwa, ya sauko yana goge harshe da ƙasa. Ya ce, “Baiwar Allah, ni wanzamin gida ne, ba na cin amana.” Kada wani a cikinku ya ce amana ce ta hana shi. Wari ne da bauri. Da ganyen tafasa na da daɗi, da yau ba ku san miyar kuɓewa ba.

To sai abin ya zo ta inda Kuɓewa ba ta zata ba. Ganyen jarirai ya fi na tsohuwa zaƙi nesa ba kusa ba, kuma Jatau ya gane. Washegari ya aika aka kira ƙanensa Duna, baƙin nan mai sheƙi, da matansu da surukai, wai aiki ya yi yawa. Suka bazu cikin kunyoyi. Wanda aka yi wa alama jiya aka sake yi masa yau. Inda huji biyu ya isa, suka yi har ba wurin ƙarawa. Da rana ta yi zafi, 'yan tsirran suka fara langaɓewa, waɗansu ganyen ya zama zare-zare, saura jijiya.

Kuɓewa ta yi ta kira har ya zo, ciki ya yi tumbur, yana sakace haƙori.

Ta ce, “Tsaga na ce ka yi, ban ce ka feɗe su ba!”

“Gwaggo, ki bar wa mai sana'a sana'arsa. Alama in ba ta fito sosai ba, ai samari ba za su gani ba.”

“Wancan na bakin kunya ya mutu, Jatau. Ina kallonsa ya kwanta.”

“Wannan dama ba mai rai ba ne, tun jiya na ga idonsa.”

Ya juya ya koma. Ita kuwa ba ƙafa, ba hannu. Ta kira wanzami don ya tsare mata yara daga fartanya, ga shi zai riga fartanya gamawa da su. Yakuwa kuwa ta faɗi duk abin da ke bakinta.

Ranar gayya, gari na wayewa, raɓa ta jiƙe ganye, Jatau da danginsa suka sake hawa. Sai ga Inna Tasalla tafe da sanda, ɗauke da kasko. Garwashi ta ɗebo daga murhu, binne cikin toka, don ta hura wuta a bakin gona ta ɗumama wa samari kunu. Ta biyo ta cikin kunya don ta yi wa kuɓewarta kallon ƙarshe. Tana dubawa ta tsaya cak.

“Innalillahi! Wane ɗan banza ne ya yi mini wannan?”

Ta daure wa bayanta ta sunkuya. Ga Jatau nan zaune a tsakiyar ganye, baki cike, ya ɗago yana kallonta. Ba ta tsaya ɗaga sanda ba. Ta dumbuzo toka daga kaskon nan, da sauran zafinta, ta watsa masa.

Jatau, wanda tun da aka haife shi bai taɓa ko sassarfa ba, ya ji wuta a ƙafafunsa na baya. Bai san lokacin da ya naɗe su ya cilla sama ba. Ya ƙetare kunya guda, ya faɗi, ya ji har yanzu da zafi, ya sake cillawa. Zabira ta yi gabas, hula ta yi yamma. Duna da surukai suka ga babba ya tashi sama, su ma kowa ya kama gabansa, tsal, tsal, tsal, kamar an watsa riɗi a kasko. Inna Tasalla ta bi kunyoyin nan tana watsa toka tana zagi, har kaskon ya koma garwashi zalla. Tokar ta kama raɓa ta manne a ganye, ta toshe bakin ciwon, kamar yadda wanzami na ƙwarai yake shafa kunkunniya a sabuwar tsaga.

Ta tsaya tana haki, ta dubi ɓarnar. Ta ce, “Dubi abin haushi. Nawa duk an huda, ga ciyawar banza nan kusa lafiya lau, ko ƙwarzane babu.” Ta zunguri ɗan tafasa da sanda. Ta matsa gaba, ta ga haka. Ta sake matsawa, haka dai. Kuɓewa huji, rama huji, yakuwa huji, tafasa sumul. Kuɓewa daga bakin rijiya tana kallonta, ta ga hannun tsohuwar ya tashi a hankali ya kai kan kuncinta.

Daidai nan ganga ta karyo kwana. Samari suka shigo da fartanyu a kafaɗa, Bawale a gaba yana taku.

Inna Tasalla ta ce, “Kai, mai idon kallon gaba, zo nan. Tsuguna. Ɗan gidan wa ne wannan?”

Bawale ya duba ya ce, “Wannan mai huji? Ga shi kuma fari fat da toka.”

“Wannan fa?”

“Wannan ba komai a jikinsa.”

“To ka faɗa wa 'yan uwanka, duk tsiron da suka gani da tsaga ɗan gida ne. Wanda ya sare mini mai tsaga, a gaban 'yan matan nan zan sa mai ganga ya kira sunansa.”

Bawale ya miƙe ya faɗa da ƙarfi, samari suka yi dariya, mai ganga ya ɗauki maganar ya sa ta a kiɗa. Suka jeru. Fartanyu suka tashi tare suka sauka tare.

Kuɓewa ta san wannan ƙarar, ita ce ta bara. Layin ya doso kunyar farko inda 'ya'yanta suke, ba ta ganin komai sai bayan samari da ƙasa na tashi. Ta ga fartanyar wani gajere ta ɗaga daidai kan wani ɗan tsiro da ta sani, ta tsaya a sama, ta karkace ta sauka gefe. Suka wuce. Da ƙafafu suka matsa gaba, sai ga ƙasa ja an juye ta, ba ciyawa ko ɗaya, ga 'yan tsirrai tsaye jefi-jefi, fari-fari da toka, kunnuwa a huje, suna rawa a iska. Kunya ta biyu haka. Ta uku haka. Kuɓewa ta saki wani numfashi har busassun ganyenta suka yi ƙara. Rama tana kuka daga sama. Yakuwa ta ce, “Munana dai, amma da ransu.”

Ba duka suka rayu ba. Waɗanda Jatau ya wuce gona da iri a kansu, waɗansu ba su tashi ba. Amma mafi yawa, da aka sami ruwa, suka fitar da sabon ganye.

Da la'asar, gona ta yi shiru, sai ga Jatau ya dawo neman zabira. Ba ya iya tafiyarsa ta da. Cinyoyinsa na baya sun kumbura, in ya ce zai taka sai ya ga ya cilla. Ya dira a gindin Kuɓewa yana huci.

Ta ce, “Kana da fuskar zuwa nan?”

Ya ce, “Ni kike wa maganar fuska? Dubi ƙafata! Wa ya tsirar miki da yara yau? Ba askata ba?”

“Wa ya kashe mini na bakin kunya? Ba cikinka ba?”

Suka yi ta yi, kowa da gaskiyarsa. Yakuwa ta ce a kore shi. Kuɓewa ta so ta yarda, sai ta tuna baɗi ma akwai gayya, baɗin baɗaɗa ma akwai, ita kuma ba za ta kai ba. Ta ce, “Ba zan kore ka ba, na riga na ba ka gida. Amma ji nan. Huji ƙanana za ka riƙa yi, ka ci nan ka matsa can. Ba ka cinye ganye, ba ka taɓa jijiya. Manya ka ci, sun iya ɗauka. Jarirai kuwa alama kawai. Ranar da hannunka ya yi nauyi a kansu, ka san tsohuwar nan ta gano maganinka, kuma murhunta ba ya rasa toka.”

Jatau ya ji kalmar toka, ya zabura sama kafin ya dawo ya ce ya yarda. Zabirar kuwa bai same ta ba, fartanya ta binne ta. Da baki ya ci gaba da aiki.

Kafin kaka tsohuwar Kuɓewa ta kwanta, amma sai da ta ga 'ya'yanta sun yi fure rawaya tun daga bakin rijiya har danga.

Shi ya sa har yau ƙwaron nan ba ya bin kowa sai kuɓewa da rama da yakuwa da danginsu, 'ya'yansa kuma suna kwance a ƙasa a gindinsu inda aka ba su masauki. Shi ya sa ba ya cinye ganye sai dai ya bar shi da huji, kuma ko inuwar hannu ya gani sai ya yi sama, yana zaton kasko ne. Sharaɗin jarirai ne kawai yake mantawa, don cikinsa bai canza ba. In kun ga ana barbaɗa wa kuɓewa toka da sassafe tana ƙarama, tunatar da shi ake yi. Ku kuma in aka aike ku cire ciyawa, ku duba kunnen tsiro kafin ku ja. Mai tsaga ɗan gida ne.